Likita Teyo da Faɗawar Maɗiga

Duk wanda ya tashi a San Cirilo, kudu da layin dogo, ya san gidan nan mai shuɗiyar ƙofa da ke manne da tsohon shagon aski. Yanzu tayoyin mota ake sayarwa a ciki, amma har yau idan tsofaffinmu za su yi wa baƙo kwatance sai su ce, "Ka wuce wajen Likita Teyo, ka karya dama." Mai wurin ya daɗe da kwanta dama.

Eleuterio Saldívar ne sunan da Fada, limamin cocinmu, ya raɗa masa, sai dai babu wanda ya taɓa wahalar da harshensa da wannan suna, Teyo kowa yake cewa. Uwarsa ta rasu tun bai iya tafiya ba. Ubansa kuwa mai bin gonakin Turawa ne, albasa da sanyi, auduga da zafi, inda aiki ya kira nan ne gida. Don haka matar da ta riƙe shi ranar baftisma, Doña Nicanora, ita ta ɗauke shi ta raine shi. Madrina yake ce mata, wato uwar baftisma, ita kuma ta ce masa mijo, ɗana.

Doña Nicanora gajeruwa ce kakkaura, harshenta ya fi wuƙar yankan albasa kaifi. Rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Idan yaro ya firgita ita ke shafe shi da ƙwai da ganye, idan ciki ya ƙulle ita ke murzawa. Amma abin da ya kai sunanta har ƙauyukan bakin kogi shi ne ɗaga maɗiga. Da zafi ya shigo, jarirai sai su kama zawo, idanunsu su zurma, tsakar kansu ta lotsa. Mutanenmu suka ce an fizge wa yaro nono daga baki ne da sauri, ko an yi wasa da shi sama, maɗigarsa ta faɗa, ita ce ta jawo zawon. Sai a kai wa Doña Nicanora. Ta sa babban yatsa ta tura ganɗar yaro sama, ta kama ƙafafunsa ta juya shi kai a ƙasa bisa kwanon ruwa, ta bubbuga tafin ƙafarsa, sannan ta shafa masa kumfar sabulu a ka, tana addu'a. Wasu su tashi, wasu a kai su makwanci cikin ɗan farin akwati. Wanda ya tashi hannun Doña Nicanora ne, wanda ya tafi kuwa kwanansa ne ya ƙare.

Teyo ya yi karatu a makarantar da aka ware wa 'ya'yanmu, inda ake dukan yaro idan ya yi harshen uwarsa a filin wasa. Ya sha dukan, ya kuma riƙe karatun. Da yaƙi ya zo aka ɗauke shi soja, aka sa shi cikin masu kwaso waɗanda suka ji rauni. A can ne ya ga yadda ake ɗinke mutum ya tashi, abin ya shiga ransa. Bayan yaƙi gwamnati ta ɗauki nauyin karatun tsofaffin sojoji, shi kuwa ya ce likita zai zama. A ajinsu shi kaɗai ne irinmu. Ya kan ce shekarun nan bai ji an kira sunansa daidai ba ko sau ɗaya.

Da ya gama ya dawo gida. Shugabannin asibitin Turawa da ke arewa da layin dogo suka duba takardunsa, suka yaba, suka ce babu gurbi. Bai ja da su ba. Ya kama hayar gidan nan kusa da shagon abokinsa na ƙuruciya, Crispín mai aski, ya shafa wa ƙofa shuɗin fenti da hannunsa.

Ranar buɗewa unguwa ta cika ta batse. Aka yanka akuya, aka dafa wake, masu garaya suka zo. Mata suna taɓa farar rigarsa suna cewa, "Kai, Teyo! Wanda muka share wa majina!" Doña Nicanora tana tsaye bakin tukunya da ludayi, tana rabon romo kamar ita aka ba takardar.

Ana cikin ci wata mai goyo ta ɗaga murya ta ce, "Likita, a can makarantar taku yaya suke ɗaga maɗiga? Ko da inji?"

Aka yi dariya. Da Teyo ya bi dariyar ya wuce, da an wuce wurin. Amma saurayi ne, ilimi na tafasa a kansa, kuma ya ga fararen akwatunan nan tun yana yaro. Ya ajiye kwanonsa ya ce, "Babu wata cuta wai ita faɗawar maɗiga. Zawo ne ke ƙarar da ruwan jikin yaro, kan ya lotsa. Wannan juya jariri kai a ƙasa jahilci ne, yana iya kashe shi."

Mai garaya ya dakata. Doña Nicanora ta mayar da ludayi cikin tukunya a hankali, ta goge hannu a zanen gabanta.

"Jahilcin nan ne dai ya raine ka," in ji ta. "A ci lafiya, ranka ya daɗe, Likita."

Ta ja mayafinta ta fita. Daga ranar mijo ya ɓace daga bakinta. Idan suka haɗu a ƙofar coci sai ta ɗan rusuna ta ce, "Barka da asuba, ranka ya daɗe," shi kuwa ya gwammace ta mare shi.

Abin da Teyo bai sani ba shi ne yadda mata suka ɗauki maganarsa. Mu a wajenmu ciwo iri biyu ne, akwai na likita, akwai na gida. Karaya da tarin fuka da sarar adda na likita ne. Firgita da kambun baka na gida ne, ba a ma faɗa wa likita, don dariya zai yi maka. To ga ɗan unguwa da kansa ya tsaya gaban jama'a ya ce maɗiga ba ta cikin littafinsa. Magana ta ƙare ke nan. Maza suna zuwa ya ɗinke musu hannu, tsofaffi suna zuwa ya auna musu jini su ba shi labarin ubansa, amma jariri mai zawo ba a kawo shi sai ya daina kuka, sai jikinsa ya saki. A lokacin kuwa sau da yawa babu abin da allura za ta yi. Yaro ya cika a kan teburinsa, a fita ana cewa, "Da ransa fa muka kai shi."

Zafin farko ya wuce haka. Yana zaune cikin ɗakinsa yana jin ƙararrawar coci mai sanar da mutuwa, ya san bugun babba, ya san na yaro. Ya buga takardun gargaɗi kan zawo ya manna a shaguna, iska ta kwashe. Ya roƙi Fada ya yi magana a kan mumbari, mata suka saurara da ladabi suka koma gida. Wani abokin karatunsa ya kira shi aiki babban birni, kuma ba a ɓoye ba, ya fara tunanin tafiya. Ya ce wa kansa, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe.

Da zafi na biyu ya shigo, wata rana da hantsi ya shiga shagon Crispín a rage masa suma. Crispín mutum ne da bakinsa ba ya hutawa, amma ran nan shiru, har almakashi ya shafi kunnen Teyo.

"Kai, wanzamin banza, kunnena za ka cire?" in ji Teyo. "Ko jiya ka sha ne?"

"Ina na ga ta sha? Yarinyar ce ba lafiya."

"Chelo? Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Uwarta Amparo tana can da ita wajen Doña Nicanora."

Teyo ya fizge ƙyallen da ke wuyansa. "Bango ɗaya ne tsakanina da kai, Crispín! Tari na yi kana ji. 'Yarka na zawo ka kasa buga mini bango?"

"To ai ba ciwonku ba ne. Kai da bakinka ka ce ba ka san shi ba."

"Ban ce ban san shi ba. Cewa na yi babu shi."

"Ka ji ka! Yaya za ka warkar da abin da babu? Ita tsohuwa ta ce akwai, ni kuma ga rami ina gani a kan 'yata, har yatsana na sa. Wa zan bi, mai cewa akwai ko mai cewa idona ƙarya yake yi?"

 Teyo ya daɗe yana kallon kansa a madubi, rabin suma a aske, rabi a tsaye. Ya shekara yana zargin mutanensa da taurin kai, ashe shi ne ya rufe ƙofa da hannunsa ya zauna ciki yana jiran baƙi. Mutum ya zo maka da rami a kan ɗansa, ka ce masa babu rami, me kake so ya yi?

Ya koma ɗakinsa ya tuɓe farar riga ya rataye. Jakar ma bai ɗauka ba. Ya kifa hula a kan rabin askinsa, ya bi rana tsaka zuwa gidan da ya tashi.

Tsakar gidan cike da mata a gindin bishiya. Da suka gan shi hira ta mutu. Doña Nicanora tana bakin ɗakin girki, Amparo na zaune kusa da ita da yarinya a cinya. Teyo ya tsaya, ya cire hula, ya sunkuyar da kai kamar yadda yake yi kowace safiya yana yaro kafin ya tafi makaranta.

"Sa mini albarka, Madrina."

A wajenmu ko ɗan da ka riƙe a coci ya ƙone maka gida, idan ya nemi albarka ba ka hana shi. Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗaga hannu ta yi masa alamar gicciye a gurguje kamar mai korar ƙuda.

"Allah ya yi maka albarka, ranka ya daɗe. Ɓatan kai ka yi? Nan gidan jahilai ne. Kuma wane maƙiyinka ne ya yi maka wannan aski?"

"Mijin wannan ne," in ji shi, ya nuna Amparo. Wata daga baya ta tuntsire da dariya ta toshe baki.

Ya durƙusa gaban Amparo. Yarinyar ta yi laushi, leɓe a bushe, kuka take yi babu hawaye. Amma da ya taɓa mata leɓe da yatsa sai ta nemi tsotsa, ya ji sanyi a ransa, akwai sauran lokaci. Ya shafa tsakar kanta, sannan ya ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa za su ji.

"Ta faɗa. Maɗigar nan ta faɗa ƙwarai."

Mata suka dubi juna. Wata ta ce, "Ikon Allah, ashe ya sani."

Ya tashi ya ce, "Madrina, ko zan samu ruwa in sha?" Ta gane ba ƙishirwa ce ta kawo shi ba, ta shiga ɗakin girki ya bi ta.

"Kin ɗaga ta?" ya tambaya da murya ƙasa-ƙasa.

"Na ɗaga ta koma, na ɗaga ta koma." Ta juya masa baya tana gyara itace a murhu. Can ta ce, "Kana tsammani ba na jin ƙararrawar nan ne? Ni na karɓi haihuwarsu, ni nake musu wankan ƙarshe. Abin da uwata ta koya mini shi nake yi. Da na san wani da ban yi ba?"

"Na yi miki laifi gaban mutane, Madrina. Ki yafe mini."

"Wannan kuma sai na yi shawara. Faɗi abin da ya kawo ka."

"Kabewarki ta bayan gida, idan rana ta buge ta ganye ya kwanta, da hannu kike miƙar da shi?"

"Kada ka koya mini noman kabewa, tun ba a haifi ubanka ba nake shukawa. Ruwa nake zuba mata a gindi."

"To kin ɗaga maɗigar nan daga waje ta ƙi zama. Mu gwada turo ta daga ciki."

Ya gaya mata yadda za a yi. A tafasa ruwa sosai da 'yar shinkafa, a tace, a sa gishiri ɗan abin da yatsu za su tsinka, da sukari kaɗan, a bari ya huce. A riƙa ba yarinya da ƙaramin cokali, sannu-sannu ba tsayawa, ko ta amayar a dakata kaɗan a ci gaba. Nono ma kada a hana ta.

"Shi ke nan? Ruwan shinkafa? Abin da ka tafi ka ƙare ƙuruciyarka a kai ke nan?"

"Shi ke nan. Amma ke za ki ba ta. Idan daga hannuna ya fito, ina juya baya za su zubar."

Ta dubi wuta. "Addu'ata fa?"

"Ki ƙara ma."

"Sabulun?"

"Sabulu bai taɓa kashe kowa ba. Abu ɗaya nake roƙo, juyin nan kai a ƙasa da turin ganɗa, a bar su."

"Dama bayana ya fara gajiya da shi," in ji ta, kamar ita ta kawo shawarar.

"Wanda kuma kika ga ya kasa haɗiya, kada a jira, a kawo mini da gudu."

"Au, 'yar aikenka ma na zama? Miƙo mini tukunyar can, ka tsaya mini a ka kamar turke."

Ta fito da kofi da cokali, ta yi addu'a a kai da ƙarfi, ta karɓi yarinya. Cokalin farko ya dawo. Amparo ta fashe da kuka, tsohuwa ta daka mata tsawa ta ce idan hawaye gare ta da yawa ta tara a ba yarinyar. Aka ci gaba. Teyo ya koma gindin bishiya ya zauna a kan turmi, hula a gwiwa, bai sa baki ba har rana ta yi sanyi. Idan tsohuwa ta ɗago ido ta dube shi sai ya ɗan gyaɗa kai, ita kuma ta yi kamar ba shi ta duba ba.

Washegari da hantsi yana duba wani tsoho sai ya ji ihu a titi. Crispín ne a guje, yana kaɗa jiƙaƙƙen ƙyallen jariri sama kamar tuta.

"Ta yi fitsari! Teyo, ta yi fitsari! Jama'a ku zo ku gani!"

"Mun gani, mun kuma ji wari," in ji tsohon da ake dubawa. "Fitar mana da shi."

Kafin mako ya zagayo kan Chelo ya cika, tana tsotson nono tana harbin iska. Labari ya bazu har bakin kogi, sai dai ba yadda ya faru ba. Cewa aka yi Doña Nicanora ta fito da wani tsohon sirri na kakanninta mai ɗaga maɗiga daga ciki, sirrin da har likita ya cire hula ya durƙusa don ya koya. Aka sa masa suna ruwan Nicanora. Crispín, wanda Amparo ta gaya wa abin da ta jiyo daga ɗakin girki, ya hasala ya ce zai faɗa wa duk wanda ya zauna a kujerarsa.

"Idan ka faɗa na daina aski a wajenka," in ji Teyo. "In suka ji nawa ne, wa zai sha?"

"To sunanka fa?"

"Yana jikin ƙofa. Gama mini wannan rabin kan."

Bai tafi birni ba. Zafin nan ƙararrawar yara ta ragu, na gaba ta ƙara raguwa. Tsohuwa ta koya wa mata, mata suka koya wa 'ya'yansu. Wanda ya fi ƙarfin cokali sai ta ce, "Ku kai wa yarona ya ƙarasa da allura, na fara masa aikin." Da haka jarirai suka fara shiga shuɗiyar ƙofa da sauran ƙarfinsu, daga baya iyayensu mata suka biyo da nasu ciwon. Ba wanda ya san ranar da ta koma ce masa mijo. An dai ji ta wata Lahadi tana yi masa faɗa da sunan a kan ya rame.

Sauran rayuwarsa aiki ne irin wanda ba a kaɗa masa ganga. Ya yi ta zarya gaban manyan gari har aka ja famfo zuwa kudancin layin dogo, aka daina shan ruwan kwata na gonaki. Asibitin arewa suka sami gurbin nan bayan furfura ta fito masa, ya karɓa don ya samu inda zai kwantar da mutanensa, amma bai rufe ɗakinsa ba. Da Doña Nicanora ta rasu yana cikin masu ɗaukar akwatinta. Yaran unguwa da dama sun bi sawunsa, wasu likitoci, wasu ma'aikatan jinya, don sun taso suna ganin irinsu cikin farar riga.

Bayan ya tsufa ƙwarai, wata rana wata yarinya mai ɗan fari ta kawo jaririnta awo. Tana ɗaure shi tana cewa, "Likita, kada ka ji haushi, maganinku na da kyau, amma makon jiya da ya yi zawo ruwan Nicanora ne ya tashe shi."

"Haka nake ji ana faɗa. Yaya ake haɗa shi?"

Ta zauna ta koya masa tiryan-tiryan, yana saurare da kai a karkace. Da ta zo kan gishiri ta ce cike da cokali, sai ya ɗaga yatsa.

"Ni dai da na ga tsohuwar tana yi, ɗan abin da yatsu suka tsinka take sawa. Ta ce idan ya fi hawaye gishiri an ɓata."

"To, ai kai ka gan ta da ido," in ji yarinyar. "Zan gaya wa su Mama."

Ranar da aka binne shi coci bai ɗauki mutane ba, har kan titi ana tsaye. Bayan an dawo ana shan kofi, Crispín, wanda ya riƙe bakinsa duk shekarun nan, ya miƙe da sandarsa ya ce yau dai zai faɗi gaskiya, ruwan nan na Teyo ne, shi ya koya wa tsohuwa a ɗakin girki. Aka saurare shi da ladabi saboda shekarunsa. Wata tsohuwa ta dafa shi ta ce, "Allah sarki Crispín, rashin aboki da zafi. Likita mutumin kirki ne, ba sai an ƙara masa da kayan wani ba." Aka zaunar da shi, aka ƙara masa kofi.

 Chelo kuwa tana tsaye bayan ubanta, da jikarta a kafaɗa, tana shafa wa yarinyar tsakar kai.